Kare Na Ci, Amma Yana Ramewa: Me Ya Sa?

'Yan uwa ɗalibai da malamanmu, a nan Kwandiko da ƙauyukan da ke kewaye da mu, kare yana da aiki. Yana gadin gida da garke, yana kuma raka mafarauta daji. Idan ya rame mukan ce yunwa ce ko tsutsar ciki, kuma sau da yawa hakan ne. To, amma akwai karen da ke cinye ƙanzo da ƙashi, ya nemi ƙari, duk da haka haƙarƙarinsa na ƙara fitowa. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke jawo wannan shi ne ciwon sukari.

Ga yadda abin yake. Abincin da kare ya ci yana komawa sukari a cikin jini. Akwai wata gaɓa kusa da tumbi da ake kira fankiriyas, ita ke samar da sinadarin insulin, wanda ke buɗe wa sukarin hanya ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Idan babu insulin, sai sukari ya taru a jini, jiki kuwa yana jin yunwa. Kamar rumbu ne cike da gero amma an toshe ƙofarsa. Daga nan jiki ya fara cin kitsensa da namansa, sukarin kuma ya riƙa fita ta fitsari yana jan ruwa tare da shi.

Shi ya sa alamomi huɗu kan zo tare: yawan shan ruwa, yawan fitsari, yawan ci, da rama. Kiyashi kan taru a inda karen ya yi fitsari, daga baya kuma yana kan rufe masa ido. Cutar ta fi kama karnuka masu shekaru, musamman mata, kuma ba a ɗaukarta daga kare.

Ko kun san da kare aka gano sirrin wannan cuta? A 1889, likitoci biyu, Oskar Minkowski da Joseph von Mering, sun cire wa wani kare fankiriyas, sai ya kamu da ciwon sukari. A 1921 a birnin Toronto na Kanada, Frederick Banting da Charles Best sun gwada insulin a jikin karnuka. A Janairun 1922 aka yi wa wani yaro allurar, ya kuma samu sauƙi.

To, me ya kamata mu yi? Ƙara wa karen tuwo ba zai hana shi ramewa ba. A kai shi wurin likitan dabbobi a Birnin Kudu ko Gwaram a gwada jini da fitsarinsa. Maganinsa allurar insulin ce, galibi sau biyu a rana. Kada a ba shi ƙwayar ciwon sukari ta mutane, kada kuma a hana shi ruwa. Baƙon kare mara lafiya kuwa, mu nisance shi saboda cutar haukan kare.

Darasi mafi girma shi ne, waɗannan alamomi huɗu su ne dai a jikin mutum. Idan ƙane, aboki ko kaka na ci da kyau amma yana ramewa, ga ƙishirwa ga yawan fitsari, mu faɗa wa manya a kai shi asibiti da wuri.