Sulallan sarakunan tawaye na Daular Rum

Sulallan sarakunan tawaye su ne tsabar kuɗin da wasu kwamandojin soja suka buga da sunayensu da hotunansu bayan sun yi wa sarkin Rum bore, suka naɗa kansu sarakuna a wani ɓangare na daular. An fi buga su a ƙarni na 3 Miladiyya, lokacin da juyin mulki ya yawaita. Suna da kasuwa ta musamman a wurin masu tara tsofaffin kuɗi, kuma masana tarihi suna dogaro da su, domin akwai sarakunan da ba a san sun taɓa mulki ba sai ta hanyar sulallansu.

Dalilin buga su

Sojoji ne ke naɗa ɗan tawaye, kuma su ne ke kashe shi idan albashi ya tsaya. Saboda haka abu na farko da yake yi shi ne kama gidan buga kuɗi mafi kusa, ko ya kafa nasa. Sulen yana biyan soja, yana kuma sanar da talakawa cewa an yi sabon sarki. Gaggawar takan fito a jikin kuɗin. Regalianus, wanda ya yi tawaye a yankin kogin Danube wajen shekarar 260, ya riƙa buga sunansa a kan tsofaffin sulallan sarakunan baya, har ana iya hango ragowar rubutunsu a ƙarƙashin nasa.

Daular Gaul da ta Birtaniya

A shekarar 260 Postumus ya ɓalle da yankin Gaul (Faransa ta yau da kewayenta) da Birtaniya da Sifaniya, ya yi mulki har zuwa 269. Sulallansa na farko sun fi na sarkin Rum na lokacin, Gallienus, yawan azurfa da kyan zane. Bayansa an yi Marius, wanda ya yi 'yan watanni kawai, sai Victorinus, sai Tetricus, wanda ya miƙa wuya ga sarki Aurelian a 274. Mafi yawan kuɗinsu nau'in da masana ke kira antoninianus ne, wanda ake gane shi da kambi mai tsinke-tsinke kamar hasken rana a kan sarkin. Zuwa zamanin Tetricus wannan sule ya koma kusan tagulla zalla.

Carausius kuwa kwamandan jiragen ruwa ne da ya ƙwace Birtaniya wajen 286, ya buga kuɗi a Landan. A kan ɗaya daga cikin sulallansa an jera fuskarsa da ta Diocletian da Maximian, halastattun sarakunan Rum, an rubuta da Latin cewa Carausius ne da 'yan'uwansa. 'Yan'uwan dai ba su taɓa amincewa da wannan zumunci ba. Ma'ajinsa Allectus ya kashe shi a 293, shi ma aka kawar da shi a 296.

Daraja a kasuwa

Kasancewar sarki ɗan tawaye ba ya sa kuɗinsa tsada. Na Tetricus da Victorinus suna cikin mafi arahar sulallan Rum, domin an buga su da yawan gaske, kuma jama'a sun binne su cikin tukwane. A watan Afrilun 2010 an tono wata tukunya kusa da garin Frome a Ingila ɗauke da sulalla 52,503, fiye da 760 daga ciki na Carausius ne. Abin da ke ɗaga farashi shi ne gajartar mulki, da ƙarancin sulen, da fitowar suna da fuska sarai. Don haka sulen Laelianus, wanda ya yi wa Postumus kansa tawaye a Mainz a 269, ya ninka na Postumus tsada sau da yawa.

Matsalar jabu

Mafi wuyar al'amari shi ne sulen da ba shi da na biyu, domin babu abin da za a gwada shi da shi. A shekarar 1900 an sami wani sule a yammacin Faransa mai sunan wani sarki Domitianus, wanda ba ya cikin jerin sarakunan da aka sani a wannan zamani. Masana da dama suka ce jabu ne, aka yi watsi da shi kusan shekara ɗari. A 2003 wani mai yawo da na'urar gano ƙarfe ya tono tukunya a Chalgrove, kusa da Oxford, da sulalla kusan 5,000 da suka manne da juna, aka sami irinsa a tsakiyarsu. Da aka gwada, sai aka ga da hatimi ɗaya aka buga su biyun. Wannan ya tabbatar da cewa Domitianus ya yi ɗan gajeren mulki a Gaul wajen 271. Sulen yana gidan tarihi na Ashmolean a Oxford.

Batun Sponsianus bai warware haka ba. An ce an sami sulallan zinariya masu sunansa a Transylvania, cikin Romaniya ta yau, a 1713. Wani bincike na 2022 ya ce gogewa da ƙasar da ke jikinsu sun nuna an yi ciniki da su, an kuma binne su. Masana kuɗi da yawa sun ƙi yarda, suna cewa zubi ne aka yi a mazubi, alhali Rumawa suna sa ƙarfe ne tsakanin hatimi biyu su doka da guduma.

Shi ya sa ƙwararrun masu tarawa ke duba nauyin sule, da gefensa ko akwai layin zubi, da salon haruffa, sannan su nemi takardar da ke nuna inda aka tono shi da hannayen da ya bi. A Ingila da Wales, dokar 1996 ta wajabta wa wanda ya tono tarin tsofaffin sulalla ya sanar da hukuma cikin kwana 14, kuma ana ba gidajen tarihi damar saya kafin a kai su gwanjo.