Idan Batirin Mota Ya Mutu: Yadda Za Mu Canja Shi Da Kanmu

'Yan'uwa, a yawancin ƙauyukan da muke ziyarta mota ɗaya ce ko biyu ke yi wa jama'a duka hidima. Ita ke kai masara kasuwa, ita ke ɗauko taki, mai ita kuma ake buga wa ƙofa da tsakar dare idan naƙuda ta zo da gardama ko maciji ya sari yaro. A irin wannan sa'a, idan aka murɗa makulli aka ji "ƙas-ƙas-ƙas" kawai, makanike kuwa yana can gari, tilas ne wani a cikinmu ya san abin yi. Canja batir ba shi da wuya. Sifana mai lamba 10 da kamar minti 20 sun isa a yawancin motoci, ko mace ko namiji kowa zai iya. Sai dai akwai abin da ake fara kwancewa da abin da ake bari ƙarshe, wanda ya juya su kuwa yana iya ƙona hannunsa ko ya lalata motar.

Kafin mu kashe kuɗi, mu tabbata batirin ne ya mutu. Mun sha ganin an sayi sabo alhali tsohon lafiyarsa lau. Kunna fitilun gaba, ka sa wani ya murɗa makulli. Idan hasken ya dushe ya koma ja, wuta ta yi ƙasa. Idan hasken na nan tar amma inji bai motsa ba, matsalar ta fi kama da ta kik ko ta waya. Sa'an nan ka kama kan batir da hannu ka girgiza. In ya motsa, ko ka ga farin gari ko kore ya taru a kansa, sau da yawa wankewa da ɗaure noti kaɗai ake bukata.

Wanda ke da mita zai fi samun tabbaci. Batirin ƙaramar mota yana da ɗakuna 6 a ciki, kowanne na ba da volt 2 da 'yan kai. Cikakke yakan nuna wajen 12.6 idan inji na kashe. Idan ya nuna 12.2 saura rabi, ƙasa da 12 kuwa ya sauka ke nan. Da inji ya tashi ya kamata mita ta hau zuwa wajen 14. In ba ta hau ba, ko jar fitila mai hoton batir ta ƙi mutuwa a gaban direba, to altaneta ce ba ta caji, ko kuwa fambel ya saki. Ko sabon batir ka sa a wannan mota, cikin kwanaki kaɗan zai sauka. Haka kuma batirin da ya sauka domin an manta fitila a kunne, a kai shi wurin mai caji tukuna. Wanda ya kumbura, ko ya tsage, ko aka yi masa caji ya sāke sauka washegari, shi ne ya gama aiki.

Wajen saye, duba lambar da ke jikin tsohon, wadda ke ƙarewa da Ah, misali 45Ah, 62Ah ko 75Ah. Kada a sayi wanda bai kai shi ba domin araha, musamman a mota mai shan dizal. A lura kuma da gefen da alamar (+) take, dama ko hagu, gama idan ta sha bamban wayoyin ba za su kai ba. Mafi sauƙi shi ne a ɗauki hotonsa da waya a nuna wa mai shago. A karɓi rasit, a sa ya rubuta kwanan wata da tsawon garanti.

To, ga aikin. Tsai da mota a shimfiɗaɗɗen wuri a fili, ja birkin hannu, kashe komai, zare makulli ka sa a aljihu. Cire zobe da agogon ƙarfe. In da tabarau a gida, ko na karatu ne, sa shi. Ba sigari, ba ashana, ba fitilar kananzir kusa, domin batir yana fitar da wata iska marar wari da ke kama wuta farat ɗaya. Da dare a yi amfani da tocila.

Nemi alamun (+) da (−) a jikin batirin kansa. Kada ka dogara ga launin waya. An ce ja ta (+) ce, baƙa ta (−), amma tsofaffin motocinmu sun bi ta hannun masu wayarin da yawa, kowa ya sa abin da ya samu. In alamar ta goge, kan (+) ya ɗan fi na (−) kauri, wayar (−) kuma in ka bi ta da ido za ka ga an ɗaure ta a jikin mota ko inji.

Wayar (−) ake fara kwancewa. Ga dalili. Ƙarfen mota gaba ɗaya a haɗe yake da gefen (−). Idan ka ɗora sifana a kan (+) alhali (−) na ɗaure, gindin sifanar kuma ya taɓa kowane ƙarfe na mota, ka haɗa kawunan batirin biyu ke nan kai tsaye. Wutar da za ta bi ta cikin sifanar ta isa ta mai da ita ja, ta manne ta da ƙarfe, zoben hannu kuwa yakan ƙona yatsa har ciki. Tartsatsin na iya kama iskar nan da muka ambata, batir ya fashe, asid ya fantsama a fuska. Amma idan sifana na kan (−) ta taɓa jikin mota, babu abin da zai faru, tun da dā ma a haɗe suke. Da zarar (−) ta fita, hanyar wuta ta yanke, sai ka kwance (+) hankali kwance. Abu ɗaya ya rage: kada a ajiye sifana a kan batir ta haɗa kawunan biyu.

Tura wayoyin gefe, kwance ƙarfen da ke riƙe batirin, ka ɗaga shi da hannu biyu a tsaye, kada ya karkata. Yana da nauyi, yakan kai kilo 15 zuwa 20. Kada ka rungume shi a ƙirji, asid na cin tufa. Wanke bakin wayoyin da mazaunin batir da ruwan kanwa, domin kanwa na kashe kaifin asid, za ka ga yana kumfa. Ɗauraye, bari ya bushe, ka goge cikin bakin wayoyin da samfefa har ƙarfe ya yi haske. Kada ruwan kanwar ya shiga cikin batir. Idan asid ya taɓa ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta aƙalla minti 15, a tafi asibiti.

Wajen mayarwa sai a juya tsarin. Zaunar da sabon, (+) na gefen wayarta, ɗaure shi da ƙarfensa sosai. Wannan ƙarfe mutane na raina shi, wasu ma tsumma ko igiyar roba suke sawa, alhali girgizar hanyoyinmu na karya farantan cikin batir. Haɗa (+) tukuna, (−) a ƙarshe. Ɗan tartsatsi kaɗan sa'ad da (−) ta taɓa ba abin tsoro ba ne. Ɗaure noti har kan ya daina juyawa da hannu, kada a buga da guduma ko dutse. Shafa basilin ko giris kaɗan a sama, ka ta da mota. Agogo da tashoshin rediyo za su bukaci a sāke saita su. Manyan motoci masu batir biyu kuwa, a bar wa mai wayarin.

Akwai wata al'ada da muke roƙo a bari. A aro batirin maƙwabci a ta da mota, sa'an nan a cire shi inji na aiki a mai da mataccen. Wasu kuma haka suke gwada altaneta. Batir ne ke danne wutar da altaneta ke bayarwa, in aka cire shi wutar na iya yin tsalle ta ƙona altanetar ko kwamfutar injin. Motocin dā irin su Peugeot 504 sukan jure wani lokaci, shi ya sa al'adar ta zauna. Motocin yanzu ba su da wannan haƙuri, kuɗin gyaran kuma ya ninka na batir. In mota mai giyar hannu ce, gara a tura ta a giya ta 2.

Zafi ne ke cin batir a hankali, sanyin hunturu kuma ya tona asirinsa da asuba, saboda haka a gwada shi tun kafin Disamba. Motar da za ta yi makonni a tsaye, a cire mata wayar (−). Batir mai murafu a sama, a duba ruwansa wata-wata. In ya ragu, tataccen ruwan da ake sayarwa a kwalba domin batir za a ƙara. Ruwan rijiya na ɓata shi, asid kuma ba a ƙarawa.

Tsohon batir kada ya kwana a tsakar gida. Dalma ce cike da shi. Mun san abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Dalmar batir ma guba ɗaya ce, ƙananan yara ta fi yi wa illa, wanda ya tsira ma takan taɓa masa ƙwaƙwalwa. Kada a fasa shi, kada a narka dalmar a murhu, kada a tsiyaye asid ɗin a ƙasa, kada kuma a mai da kwandonsa abin shan ruwan kaji. A kai shi a tsaye, yadda yake, wurin wanda aka sayi sabon. Yawancinsu suna karɓa su rage maka kuɗi. Bayan an gama a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci.