Lambar da ake rubuta wa mai ɗaukewar numfashi cikin barci

Akwai mai minsharin da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, ya yi tsit na daƙiƙa 10 ko fiye, sannan ya zabura yana haki kamar an shaƙe shi. Idan ya je asibiti a Amurka, samun maganinsa ya rataya ne a kan 'yar lambar da za a shigar a fayil ɗinsa. A kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 10, lalurar tana ƙarƙashin G47.3. Amurka kuwa, da ta koma tata sigar kundin ranar 1 ga Oktoba, 2015, ta ƙara rarrabewa: G47.33 ga wanda naman maƙogwaronsa ke saki ya toshe hanyar iska, G47.31 ga wanda ƙwaƙwalwarsa ke daina ba da umarnin jan numfashi, G47.30 ga wanda ba a tantance ba. Minshari zalla ma tasa lambar daban ce, R06.83.

Wani zai ce ai wannan aikin akawu ne, ruwan masu inshora, ba abin da ya dami majiyyaci. Gaskiya ne kuɗi na ciki, to amma kuɗin ne ke kai na'urar CPAP, mai hura iska ta hanci, har bakin gadon mutum. Shirin inshorar lafiya na gwamnatin Amurka, Medicare, yana biyan kuɗinta idan gwajin barci ya nuna numfashi na ɗaukewa ko raguwa sau 15 zuwa sama a awa guda, ko sau 5 zuwa 14 in akwai hawan jini ko yawan gyangyaɗi da rana. Likitan da ya yi ƙiwa ya rubuta G47.30 bayan gwaji ya fayyace komai, ya bar na bayansa cikin duhu, alhali nau'in toshewar maƙogwaro da na ƙwaƙwalwa ba kullum maganinsu ke zama ɗaya ba.

Sai dai lambar tana da iyakarta. Mai ɗaukewa sau 6 a awa da mai sau 60 duk G47.33 ake rubuta musu, don haka ita kaɗai ba ta nuna tsananin ciwo. Takardar gwaji ce ke nunawa. Duk wanda aka yi wa gwajin barci, ya tambayi lambar da aka rubuta masa, ya kuma karɓi kwafin sakamakon ya adana.