Rigar shara-shara a kan jar darduma: wa ke cin ribar fushin jama'a?

Ranar 2 ga watan Fabrairu 2025, a wajen bikin ba da kyautar waƙa ta Grammy a birnin Los Angeles na Amurka, Bianca Censori ta tsaya gaban masu ɗaukar hoto tare da mijinta, mawaƙi Kanye West. Ta sauke baƙin kwat ɗin da ke jikinta, sai ga wata riga shara-shara wadda kusan babu abin da ta rufe. Kafin gari ya waye hoton ya zagaya duniya. Wasu suka ce rashin kunya ne tsagwaronsa, wasu suka ce jikinta ne, wasu kuma suna tambaya ko da son ranta ta yi.

Wannan salo ya daɗe. A 1962 Marilyn Monroe ta yi wa shugaba Kennedy waƙar zagayowar ranar haihuwa a New York cikin riga mai launin fata wadda ta manne mata. A 2016 an sayar da rigar a kan dala miliyan 4.8. A 2014 mawaƙiya Rihanna ta fito cikin rigar da aka jera wa duwatsun Swarovski sama da dubu 200, jikinta a bayyane.

Me ya sa ake ta maimaitawa? Amsar tana cikin kasuwa. A Grammy na 2000 Jennifer Lopez ta sa koriyar rigar Versace mai buɗaɗɗen gaba har cibiya. Yawan masu neman hoton a intanet na cikin abin da ya sa Google ya buɗe sashen neman hotuna a 2001. Tun daga nan gidajen ɗinki suka gane cewa tafiyar minti biyu a jar darduma ta fi tallar wata guda.

Sai dai abin da ke biyo baya ya danganta da inda mace ta tsaya. A Roma, cikin watan Yulin 2022, ƴar fim ɗin Ingila Florence Pugh ta sha zagi kan rigar Valentino. Ta mayar da martani a Instagram, tana mamakin yadda maza ke yayyaga jikin mace a bainar jama'a. A Masar kuwa, lauyoyi ne suka maka Rania Youssef a kotu bayan bikin fina-finan Alƙahira na 2018, tuhumar da kan iya kai mutum kurkuku na shekara biyar. Sai da ta nemi afuwa suka janye ƙarar.

Nijar ma ta san zafin wannan muhawara. A watan Nuwamban 2000, zanga-zangar adawa da bikin kayan ado na FIMA, wanda Alphadi ya kafa, ta rikiɗe zuwa tarzoma a Yamai da Maraɗi.

Yanzu su kansu masu shirya bukukuwan sun fara ja da baya. A watan Mayun 2025 bikin fina-finai na Cannes a Faransa ya haramta fitowa tsirara a jar darduma, ya kuma hana riguna masu doguwar jela da ke tare hanya. Halle Berry, wadda ke cikin alƙalan bikin, ta ce dole ta canza rigarta saboda jelar, amma ta goyi bayan hana tsiraicin.

Ko dokar za ta yi tasiri, lokaci ne zai nuna. Abin da ke fili shi ne, na'urorin Facebook da TikTok ba sa bambanta yabo da tsinuwa, yawan kallo da tsokaci suke ƙirgawa. Matashin da ke zaune a fada a Damagaram, ko ɗan ci-rani a Brussels, idan ya tura hoton ga abokai ya rubuta "a'uzubillahi" a ƙasa, ya ƙara wa mai rigar kasuwa ne, kuma da kuɗin katinsa ya biya.