Ƙarin ciniki ba tare da ƙarin yaron shago ba

A da, teburin mai shayi bai wuce ruwan zafi da burodi da ƙwai ba. Yau da wuya a tsaya a wani teburi a Kano ko Zariya ba a ga kwalin Indomie a gefe ba. Mai shayin bai ɗauki yaro ba, bai kama sabon wuri ba, kuma wutar da yake soya ƙwai a kanta ita ce take dafa taliyar. Amma wanda a da zai sha kofi ɗaya ya tashi, yanzu a nan yake cin abincin dare, har ya ce a fasa masa ƙwai biyu.

Cinikin kowace sana'a yana tsaye ne a kan abu uku: yawan masu saye, abin da kowannensu yake kashewa idan ya zo, da yawan dawowarsa. Akasarin ƙananan 'yan kasuwa na farkon kaɗai suke hange, alhali shi ya fi cin kuɗi, domin yana neman talla ko sabon shago ko ƙarin hannu. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota da na dakon kaya suka yi tashin gwauron zabo, ba kowa ke da wannan halin ba. Sauran biyun kuwa suna hannun wanda ya riga ya saba da ƙofar shagon.

Hanya ta farko ita ce auna kaya daidai aljihun mai saye. Lokacin da madarar Cowbell ta shigo Nijeriya a 1993, ta samu karɓuwa ne saboda an zuba ta a 'yan ƙananan ledoji, ta isa ga wanda gwangwani ya fi ƙarfinsa. Masu shagunan unguwa sun daɗe da sanin wannan dabara. Buhun sukarin da aka saro a kasuwar Singa ribarsa kaɗan ce idan an sayar da shi a buhu, ta fi kauri a mudu, ta fi haka a ƙulli. Aikin ƙullawar kuma ba ya buƙatar kowa, sai zaman banzan da ake yi tsakanin azahar da la'asar.

Sai farashi, wanda mutane da yawa ke tsoron taɓawa. A ɗauki kayan da aka saro naira 900 ana sayarwa 1,000. Mutum goma sun saya, riba 1,000 ke nan. Idan aka ƙara naira 50 kacal, ko da biyu sun yi fushi sun tafi, takwas ɗin da suka rage za su bar ribar 1,200. Sai dai wannan lissafi ba ya aiki a kan katin waya ko sukari, waɗanda ko yaron da aka aiko ya san kuɗinsu. Wurinsa shi ne inda hannun mai sana'a yake bayyana, kamar ɗinki, girki da gyaran waya. A lokacin hauhawar farashi kuma, wanda ya sayar da tsohon kaya a tsohon kuɗi zai je sari ya tarar kuɗin guda goma, guda bakwai kawai suke saya masa. Ya ci uwar kuɗi yana zaton riba ce.

Akwai kuma jarin da yake barci. Naira 100,000 da ke kawo ribar 10,000 amma take juyawa sau huɗu a wata ta samar da 40,000. Wadda ke kawo 25,000 a juyi ɗaya tak ba ta kamo ta ba. Shi ya sa gogaggen ɗan Kantin Kwari ba ya riƙe atamfar da yayinta ya wuce. Yakan karya ta ko a kuɗin sari, ya sa kuɗin a wadda ake rububi. Haka bashi yake. Wanda aka rubuta a littafi da iyaka da ranar biya yana ɗaure kwastoma, wanda aka bari a ka kuwa yakan tafi da kuɗin, ya haɗa da mai sayen, domin mai jin kunyar bashi wani layin yake bi.

Wayar da ke aljihu ita ce ta cike sauran. A farkon 2023, bayan Babban Bankin Nijeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi wuya, mai nama da mai kayan miya da ke karɓar taransfa suka yi ciniki, maƙwabtansu suna kallo. Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, kyauta ce, kuma da irinta matan aure ke tallar turaren wuta da mayafai daga ɗakunansu: a ɗora hoto, a ga alat, mai adaidaita ya kai kaya, mai saye ya biya kuɗin kaiwa. Tela ma da yakan zauna shiru bayan sallah yana da lambobin iyayen da ya yi wa ɗinki. Saƙo ɗaya a watan Agusta cewa ya fara karɓar kayan makaranta ya isa ya ta da keken da aka lulluɓe, kafin yara su koma aji a Satumba.