Kin San Ma'anar Sunanki?

Yau a filinmu za mu yi magana ne a kan abin da kowaccenmu take ɗauke da shi tun tana 'yar kwana bakwai, kuma da shi za a yi ta kiranta har ranar da za a ce wance ta riga mu gidan gaskiya, watau suna. Ke uwargida, da ke 'yar makaranta, in aka tsare ki aka ce ki faɗi ma'anar sunanki da harshen da ya fito, za ki iya? Da yawa daga cikinmu sai dai mu yi murmushi mu ce haka muka tashi muka ji ana kiranmu. Ga shi kuwa Hausawa sun ce suna linzami ne. Abin da aka kira linzami ai bai kamata a sa wa yaro shi da ka ba.

Sunan yanka

Sunan farko shi ne wanda uba yake yi wa jariri huɗuba da shi, sa'an nan ran suna liman ya raɗa, a yanka rago, a raba goro. Yawancin waɗannan sunaye daga Larabci suka zo mana tare da Musulunci, kuma kowanne da ma'anarsa. A'isha na nufin rayayya, mai rai. Halima mai haƙuri ce, mai sanyin hali. Jamila kyakkyawa, Habiba abar ƙauna, Safiya tsarkakakkiya, Sa'adatu kuwa daga kalmar sa'ada take, watau dacewa da jin daɗi. Fatima ta fito ne daga kalmar da ke nufin yaye. Hadiza kuma, a asalin Larabci, ana faɗinta ne ga jaririyar da aka haifa watanninta ba su cika ba, amma darajar Uwar Muminai, matar Annabi (SAW) ta farko, ita ta ɗaukaka sunan har ya cika duniya. Akwai kuma waɗanda suka bi ta Larabci suka iso gare mu alhali asalinsu ya girmi haka, irin su Maryamu da Saratu, waɗanda sunaye ne na zamanin annabawan farko.

Wataƙila kin taɓa tambayar kanki dalilin da ya sa muke cewa A'ishatu, Aminatu, Halimatu. Sunayen mata da yawa a Larabci suna ƙarewa da wani harafi da ake kira ta'un marbuɗa. In mai karatu ya tsaya a kansa ba ya fita, in kuwa ya ci gaba sai a ji "tu". Malamanmu na zaure suna karanta kalma da wasalinta cikakke, kuma harshen Hausa ya fi son kalma ta ƙare da wasali, sai muka ɗauka haka. Wannan ne kuma ya ba mu Muhammadu, Umaru da Aliyu. Harafin da ya yi wa Bahaushe nauyi sai ya musanya shi da na kusa da shi, shi ya sa Khadija ta zama Hadiza, Dawud ya zama Dauda. Maƙwabtanmu ma haka suka yi: Abubakar ɗin da muke kira Habu ko Garba, Barebari na ce masa Bukar, Fulani su ce Buba, Fatima kuwa a Barno ita ce Falmata.

Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, har zuwa Tasi'u da Ashiru, lissafi ne kawai na Larabci: na biyu, na uku, na huɗu, na biyar, na tara, na goma. Uba ne yake son kowane ɗansa ya ci sunan Muhammadu, sai a jera su da lamba tun daga Auwalu.

Laƙabi da alkunya

Kusan kowane babban suna yana da abokin tafiyarsa. Binta daga kalmar "bintu" take, watau 'ya, domin Nana Fatima 'yar Manzon Allah ce. Kubura ta Hadiza ce, ma'anarta babba. Sadiya ta Halima ce, domin Halimar da ta shayar da Annabi (SAW) 'yar ƙabilar Banu Sa'ad ce. A'isha ita ce Indo ko Shatu, Hauwa'u ita ce Kulu ko Jidda, Maryamu ita ce Mairo, Zainabu kuma Abu. A wajen maza Musa shi ne Kallamu, Ibrahim Halilu, Yusufu Maitama, Usman kuwa Shehu, saboda girmama Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ita kanta kalmar Fodiyo Fulatanci ce, tana nufin malami masani. Daga Fulatanci kuma muka sami Dikko, ɗan fari, da Sambo, ɗa na biyu, da Bello, watau mataimaki.

Kunya ma ta haifa mana sunaye da yawa. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, mace ba ta kiran sunan mijinta, balle na surukanta. To, in aka mayar wa yarinya sunan kakarta, yaya za a yi a riƙa ƙwala mata kira a tsakar gida? Sai a ce mata Ummi, ko Uwani, ko Mama, ko Hajiya. Namiji kuma ya zama Abba, ko Baffa, ko Babangida. Wannan ita ce alkunya, kuma tarbiyya ce mai kyau, sai dai a tabbata yaro ya san sunansa na yanka tun yana ƙarami.

Sunan da ke ba da labari

Akwai sunayen da Hausawa suka ƙaga da kansu, waɗanda da jin su kin san yadda aka haifi mai su. Na farko su ne na rana: Ladi da Ɗanladi, Altine da Ɗanliti, Talatu da Ɗantala, Larai da Balarabe, Lami da Ɗanlami, Jummai da Ɗanjuma, Asabe da Ɗan'asabe. Su kansu sunayen ranakun aro ne daga Larabci. Lahadi zuwa Alhamis ƙirga ce daga ɗaya zuwa biyar, Juma'a ranar taruwa, Asabar kuma ranar hutu. Ashe ke nan Malama Talatu, sunanki na nufin ta rana ta uku.

Sai na lokaci da yanayi. Azumi an haife ta a watan Ramalana, Tasalla ran salla, Marka a tsakiyar damina, Anaruwa ana cikin ruwan sama, Nomau lokacin noma. Tanko namiji ne da ya biyo mata, Kande mace ce da ta biyo maza. Auta shi ne na ƙarshe, Cindo mai yatsa shida, Shekarau wanda aka ce ya daɗe a ciki. Tagwaye su ne Hassan da Husaini, ko Hassana da Husaina, wanda ya biyo bayansu kuwa shi ne Gambo, mace ko namiji. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka haifa a 1933 ta rasu a 2001, sunanta na yanka Hajaratu, tagwayen da ta biyo ne suka ba ta Gambo, gwagwarmayar jam'iyyar NEPU kuma ta ba ta Sawaba. Nana Asma'u ma, wadda aka haifa a 1793, 'yar tagwaye ce, ɗan'uwanta shi ne Hassan, amma mahaifinta Shehu Usmanu ya zaɓa mata Asma'u maimakon sunan da aka saba.

Sunayen wabi

Yanzu ga waɗanda nake so ki tsaya ki yi tunani a kansu: Ajuji, Ayashe, Abarshi, Abarta, Barmani. Ki faɗe su a hankali za ki ji kukan uwa a cikinsu. Macen da ke haihuwa 'ya'yan suna mutuwa, watau mai wabi, ita ake sa wa ɗanta irin wannan suna. Wani sunan roƙo ne, a bar shi, a bar mini. Wani kuma nuna wa ake yi kamar ba a damu da yaron ba, a ce a yashe shi ko a kai shi juji, da fatan abin da ke ɗauke 'ya'yan zai raina shi ya ƙyale shi.

Kakanninmu sun yi haka ne domin iyakar abin da suka sani ke nan, ba kuwa abin dariya ba ne. Amma yau an san yawancin abubuwan da ke kashe ƙananan yara: zazzaɓin cizon sauro, ƙyanda, gudawa, ciwon sandarewar jiki da ke shiga ta cibiya in an yanke ta da reza marar tsabta, da kuma amosanin jini, wanda ake kira sikila. Shi wannan na ƙarshe gado ne. In uwa da uba duka jininsu AS ne, kowane ciki da za a yi akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaron ya zo da SS. Saboda haka in a gidanku ko a maƙwabta akwai mai wabi, kada a tsaya ga canja suna kaɗai. A je awon ciki, a haihu a hannun ungozoma mai horo, a kai yaro allurar rigakafi har ta cika, a kuma gwada jinin miji da mata. Ke 'yar makaranta, ki san irin jininki tun kafin a kawo kuɗin gaisuwa. Rai na Allah ne, amma Shi ne ya ce a nemi magani.

Suna na biyu

A da Bahaushe ba shi da sunan da dukan zuriya ke gado irin na Turawa. Mutum sai a ce wane ɗan wane, ko a haɗa shi da sana'arsa ko unguwarsa. Makarantar boko ce ta zo da rajista mai neman suna biyu. Aji guda kuwa sai a sami Muhammadu biyar, ga kuma kunyar faɗin sunan uba, sai yara da yawa suka ɗauki sunan garinsu. Haka muka sami Malam Aminu Kano, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Minista daga 1957 zuwa 1966, da Alhaji Shehu Shagari, Shugaban Ƙasa daga 1979 zuwa 1983. Ki duba bayan takardar naira 20 za ki ga Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane da ta rasu a 1984: Ladi sunan rana, Kwali sunan garinsu. Wani sunan zuriyar ma daga mace ya samo asali. Attajirin nan na Kano, Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, an kira shi haka ne saboda Tata, matar da ta rene shi, ga shi har yau zuriyarsa da sunan take amsawa.

A nan ne nake da jan kunne ga mata masu aiki da masu shirin aure. Ɗabi'ar nan ta mace ta ajiye sunan ubanta ta ɗauki na miji, ta Turawa ce. A Musulunci ana danganta ɗa ne ga ubansa, kamar yadda aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta nuna, kuma matan Annabi (SAW) da sunan iyayensu aka san su, A'isha 'yar Abubakar, Hafsa 'yar Umar. Aure yana iya mutuwa, miji yana iya rasuwa a sake wani, amma uba ba ya canjawa. Wadda ta mayar da takardunta sunan miji, ranar da zama ya ƙare sai ta koma rantsuwa a kotu da sanarwa a jarida kafin ta karɓi haƙƙinta a banki ko a wurin aiki.

Abin da ya kamata ki yi

Na farko, in haihuwa ta matso, ku zauna da maigida ku zaɓi suna tun da wuri, ku kuma tambayi malami ma'anarsa. Yanzu an shiga yayin tsinto suna daga waya ko daga fim don kawai ya yi daɗin faɗi. Ba kowace kalmar Larabci ce ta dace da suna ba, ko da kuwa an same ta a cikin Alƙur'ani, domin a cikinsa akwai sunan Fir'auna da na wuta. Ya zo a Sahihu Muslim cewa Sayyidina Umar yana da 'ya mai wani suna da ke nufin mai saɓo, Annabi (SAW) ya canja mata zuwa Jamila. A bakin Bahaushe sunan nan yana fita kamar Asiya, alhali a rubutun Larabci ya sha bamban da na Asiya matar Fir'auna, baiwar Allah ta gari. Kin ga ke nan harafi guda yana iya juya ma'ana.

Na biyu, a yi wa yaro rajistar haihuwa a wurin ma'aikatan Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa, a rubuta sunan yanka da na uba, ba na alkunya ba. Mu malaman makaranta mun sha ganin yarinya an kawo ta aji ɗaya an ce a rubuta Indo, a aji shida ta koma A'isha, a sakandare kuma ta zama Ummi. Ranar da za ta cike takardar jarrabawar WAEC ko JAMB, ko ta nemi lambar shaidar ɗan ƙasa, sai a ga kamar mutum uku ne, wata har ta rasa shekara guda wajen gyara.

Na uku, a riƙe rubutu iri ɗaya. In Hadiza ce, ta zauna Hadiza a kowace takarda, kada gobe ta zama Khadijat. Masu dangi a Nijar su ƙara lura, domin can da ƙa'idar Faransanci ake rubutu: A'ishatu ita ce Aïchatou, Usman kuma Ousmane.

Na ƙarshe, ki kula da sunan tsokana. Yarinyar da aka taso ana ce mata Baƙa ko Guntuwa ko Dolo, da wuya sunan ya sake ta ko ta yi jikoki, kuma yakan karya mata zuciya tun a aji. Bakin uwa yana da kaifi, sai ki kira 'yarki da abin da kike so ta zama.

Ke kuma 'yar makaranta, ga aikin gida. Yau da dare bayan an ci tuwo, ki zauna kusa da kakarki ko gwaggonki ki tambaye ta sunan wa kika ci, wace ce ita, me aka san ta da shi, me ya sa kuma ake kiranki da laƙabin da ake kiranki. Ki rubuta a bayan littafinki, har da sunan kakanninki iyakar inda aka iya tunawa, domin tsofaffin nan in sun tafi da labarin suke tafiya. Allah ya raya mana zuriya, ya sa su yi halin masu sunansu na gari, amin. Sai mun sake saduwa a wannan fili.