Likita Mai Ido Ɗaya da Ƙarin da Ke Bin Sawun Sauro

Mai karatu, a ce kai likita ne, aka kawo maka yaro ɗan shekara biyar, muƙamuƙinsa ya kumbura sama da ƙasa, haƙoransa na girgiɗa. Me za ka yi? Abin da ya sami Denis Burkitt ke nan a asibitin Mulago na Kampala, ƙasar Yuganda, a 1957. Mutumin Ayilan ne, ido ɗaya gare shi tun yana yaro. Ya ɗauka ba zai sake ganin irin wannan ba. Ashe da sauran kallo.

Ba a jima ba ya ga wani yaron mai irin wannan kumburin a garin Jinja. Da ya lalubi cikinsa, sai ya ji ƙari a ciki. Me ya haɗa baki da ciki? A 1961 shi da abokansa likitoci biyu suka hau tsohuwar mota, suka yi tafiyar kusan kilomita 16,000 suna bin asibitoci. Sai suka ga ciwon yana yawaita a wurare masu zafi da ruwan sama, yana ƙaranci a tuddai masu sanyi. Ina ke nan? Gidan sauro, inda zazzaɓi ke addabar yara.

A Landan, wani masani mai suna Anthony Epstein ya yi zargin akwai ƙwayar bairos a cikin ƙarin. Shekara biyu ana aiko masa da yankan ƙarin daga Kampala, bai samu komai ba. A Disambar 1963 hazo ya karkatar da jirgin da ke ɗauke da saƙon zuwa Manchesta. Saƙon ya iso a makare, ruwan cikin kwalbar ya gurɓace. Kai da za ka zubar, ko? Shi kuwa ya sa shi a madubin bincike. Abin da ya zata ruɓewa ce, ashe ƙwayoyin ƙarin ne suke yawo da ransu! Daga su aka gano bairos ɗin Epstein-Barr a 1964, na farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam.

Wannan ciwo yana nan a Najeriya. Saurin girma gare shi, amma yana jin magani idan an fara da wuri. Don haka, mai karatu, idan zazzaɓin ɗanka ya ƙi sauka bayan maganin cizon sauro, ko cikinsa ko muƙamuƙinsa ya fara kumbura, kada ka tsaya jiƙe-jiƙe. Ka kai shi asibiti a yi masa hoto da gwaji tun da wuri.